Kukan Fambel da Kifin Yaya

Tun kafin su bar gonar kifin motar ta fara kuka. Auta na murza makulli, injin dizal ɗin ya girgiza ya tashi, sai wata tsuwwa mai tsini ta fito daga ƙarƙashin bonet, kamar an taka wutsiyar kwikwiyo.

Yayarsa tana bayan a-kori-kurar, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan taya tana leƙa robobin. Manyan robobi ne shuɗɗa da aka yanke wa baki aka cika da ruwa, 'ya'yan karfasa na ta kai da kawowa a ciki, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Mai gonar ya ɗaure wani ɗan famfon iska a jikin ƙarfen bodi, ya ja wayarsa zuwa batirin motar, ya zura siririn tiyo cikin kowace roba. Ruwan sai ɓulɓula yake.

"Wannan famfon shi ne hancinsu," in ji mai gonar. "Karfasa ba tarwaɗa ba ce, ba ta da taurin rai. Kada ku bari ya tsaya har sai kun juye su a tafki."

"Ka dai ji, Auta," in ji Yaya. "To wannan ihun fa na mene ne?"

"Gaisuwar safe ce. Haka take yi."

"Mota da gaisuwa?"

"Ke dai shiga ki zauna."

Ya ɗaga bonet, ya zaro guntun sabulu daga aljihu, ya kanga shi a jikin fambel ɗin da ke juyawa. Tsuwwar ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa, ta ɗauke. Dabarar direbobin tasha ce, wani da sabulu, wani da kyandir. Shi ma ya daɗe yana yi. Da farko sai a kwana biyu bai taɓa ba, daga baya abin ya koma na kullum, kwanan nan kuma har tsayawa yake a hanya ya ƙara.

Yaya ta bi hannunsa da kallo. "Wannan ba sabulun wankina ba ne?"

"Aro na yi."

"Ɓarawon sabulu. Shi ya sa nake ta zargin ɓera."

Auta bai taɓa daɗewa a sana'a ɗaya ba. Ya shiga ɗinki ya gudu, ya shiga gyaran waya ya gudu, ya yi sayar da takalma har takalman suka gaji da shi. Yaya ce ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce kuma ta je ta durƙusa gaban kawunsu har ya yarda ya ba shi tuƙin wannan motar. Tafkin kifin kuwa, keken ɗinkinta ta sayar ta haƙa shi a bayan gida, ta shafe shi da siminti, maƙwabta na leƙowa ta katanga suna dariya. Mijinta, wanda tun da aka sallame shi daga aiki ya koma zaman ƙofar gida, cewa ya yi sai ya ga kifi a faranti zai yarda. Abin da ya rage mata duka shi ne ke iyo a cikin robobin nan. Mai gonar ma ya ce zai kai mata da tasa motar in ta jira zuwa gobe. Ta ce a'a, ƙanenta na da mota.

Sun yi nisa, rana ta ɗaga, gari ya ƙare sai gonaki da fili. Yaya na ta waiwaye ta gilashin baya tana duba ɓulɓular ruwan. Auta ne ya fara ganin jar wutar batir tana ƙyaftawa a gabansa. Ya ɗora yatsa a kanta kamar zai share ƙura. Ba ta goge ba. Can kuma allurar zafi ta fara hawa, sitiyari ya yi nauyi a hannunsa, tsuwwar ta dawo, wannan karon ba ta yankewa.

Ya gangara gefen titi, ya goga sabulu. Ya sake gogawa har guntun ya yi rami. Kukan bai ko rage ba.

"Auta."

"Na'am."

"Kalle ni. Lafiya?"

"Akwai makanike nan gaba kaɗan," ya ce, bai kalle ta ba.

Rumfar langa-langa ce ita kaɗai a bakin hanya, da gawar wata tsohuwar mota a gefe da tsohon babur a jingine. Makaniken dattijo ne mai faɗin ƙirji, direbobin hanyar suna kiransa Kurma, don tun da wata tayar tirela ta fashe a kusa da kansa kunnensa ya tafi. Sai ka matso ka ɗaga murya yake tsintar rabi. Shi ma in zai yi magana, kamar yana kiran wani a tsallaken kogi.

"Me ya same ta?"

"Fambel ne ke kuka!" in ji Auta da ƙarfi.

"Me?"

"Kuka! Fambel!"

"To ni ina zan sani? Kashe ta kafin ta dafa kanta."

Auta ya kashe injin. Shiru ya sauka, sai ɗan gurnanin famfon iska a baya, yana shan abin da ya rage a batir.

Kurma ya danna fambel ɗin da babban yatsa. A ɗaure yake tamau. Ya murza yatsun, ya kai hanci, ya dubi Auta.

"Wanka kake yi mata?"

Auta ya sosa ƙeya.

"Ina soson? Ko shi ka bari a gida?" Ya juya wajen Yaya. "Hajiya, ƙanenki ne wannan?"

"Nawa ne, Baba. Don Allah a taimaka a yi sauri, kifi ne a baya, masu rai."

Sai da ta maimaita ta nuna masa robobin. Ya leƙa, ya bi wayar famfon da ido har zuwa kan batir, fuskarsa ta canza. Bai ƙara yin wasa ba sai can.

Ya sassauta fambel ɗin ya cire, ya lanƙwasa shi a rana yana neman tsaga. Babu. Sai santsi da ƙyalli kawai. Ya wanke bakin kowane fuli da fetur da tsumma, wato ƙafafun ƙarfen da fambel ke hawa a kai. Ya juya na altaneto, mai cika batir, ya juya lafiya. Ya juya na famfon ruwa, ya girgiza shi, babu wasa. Ya shiga rumfa ya fito da wani fambel da ya sha aiki amma bai taɓa ganin sabulu ba, ya ɗora, ya ɗaure.

"Tayar!"

Injin ya ja da ƙyar kafin ya kama. Tsuwwar ta tashi kamar ba a taɓa komai ba.

"Ya yi shiru?" in ji Kurma.

"Yana nan!"

Kurma ya ɗebo ruwa a gwangwani ya tsiyaya a kan fambel ɗin. "Hajiya, ke ce kunnena. Ya ragu ko ya ƙaru?"

"Bai canza ba, Baba!"

"Ko kaɗan?"

Ta girgiza kai. Ya yi wa Auta alama ya kashe. Ya tsaya yana kallon cikin injin, hannu a ƙugu. Auta kuwa ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya zagaya baya ya leƙa robobin. Ɓulɓular ta ragu, kumfar na fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar mai jin barci. Ya dawo.

"Baba, a ƙara ɗaure shi mana! A ja shi sosai!"

"In na ƙara ja, altanetonka zan kashe. Matsa."

Kurma ya laluba cikin gwangwanin ƙusoshi ya fito da guntun alli. Ya kwanta ya shige ƙarƙashin gaban motar, inda babban fulin ƙasa yake, wanda injin ke juyawa shi kuma ya ja sauran duka. Ya ja farin layi miƙaƙƙe a fuskarsa, daga tsakiya har baki. Ya kira Auta ya durƙusa ya gani.

"Ka ga layin? Ɗaya ne ko?"

"Ɗaya ne."

"Tayar. Ka taka wuta sau biyu ka kashe."

Auta ya murza makulli. Injin ya yi nishi, ya yi nishi, ya kama. Ya taka, ya sake takawa, ya kashe. Suka durƙusa su uku, har da Yaya da ta tattare zaninta. Layin ya rabu biyu. Rabin tsakiya na kallon sama, rabin baki ya koma can gefe.

"To ga ciwonka," in ji Kurma. "Wannan fulin ƙarfe biyu ne, na ciki da na waje, roba ce ta haɗa su a tsakani. Robar ta mutu. Na ciki na gudu, na waje na jan ƙafa. Ko fambel ɗin zinare ka sa, ba zai cika batir ba, ba zai juya ruwa ba." Ya miƙe yana kaɗe wando. "Ba yau ya fara ba. Motar ta daɗe tana kiranka, kai kuma kana cusa mata sabulu a baki."

Yaya ta kau da kai daga Auta, ta dubi robobin. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

A daidai lokacin gurnanin famfon ya ja wani dogon sauti ya tsaya. Su biyun suka juya tare. Kurma bai ji ba, fuskokinsu ya gani.

Ya ruga rumfa ya cicciɓo wani tsohon batir da kansa ya yi tsanwa, ya kankare, ya ɗaura wayoyin. Famfon ya farfaɗo, ruwan ya koma ɓulɓula, amma ba kamar da ba.

"Shi ke nan gare ni," ya ce. "Kuma rabin rai ne da shi. Ban yi muku alkawarin la'asar ba."

"Babur ɗin fa? Babu batir a jikinsa?" in ji Auta da ƙarfi.

"Na bugun ƙafa ne. Rabonsa da batir tun kana rarrafe."

Yaya ta kira mai gonar. Ya ce motarsa ta tafi kai kaya wani gari, sai dare. Ya ce su canza ruwa in da hali, amma kada su kuskura su sa na famfo mai magani. Ruwan rumfar kuwa na famfo ne da ake kawo wa Kurma a jarka, warin maganin har hanci. Ta kira mijinta, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Auta ya kira Kawu. Kawu bai bari ya kai ƙarshen zancen ba.

"Me ka yi wa motata?"

"Kawu, kifin Yaya ne..."

"Ban tambaye ka kifi ba. Na ce me ka yi wa motata?"

Auta ya fita tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Bas ta wuce cike da mutane. Tankar mai ta wuce ta watsa masa iska mai zafi. Wata babbar mota ta tsaya, direban ya leƙo, ya nuna buhunan siminti da ya loda har sama, ya ce Allah ya kawo mafita. Wani mai ƙaramar mota ya rage gudu, ya ga robobin da ko ƙato huɗu ba za su ɗaga ɗaya ba, ya ƙara wuta. Kowa da uzurinsa, kuma duk gaskiya suka faɗa.

Da ya dawo, Kurma ya riga ya sa babbar sifana a kan ƙusar da ta riƙe fulin, ya zura mata dogon bututu.

"In ya fita, in ɗauke shi a babur zuwa garin gaba, akwai mai walda. A ɗinke na ciki da na waje su zama ɗaya. Ba gyara ba ne, amma zai kai ku gida. Sa giya! Hajiya, hau ki take birki da ƙafa biyu!"

Yaya ta hau kujerar direba ta take. Auta da Kurma suka rataya a kan bututun. Motar ta yi ƙara ta ɗan gusa, bututun ya lanƙwashe, ƙusar ko gezau. Suka zuba mata mai, suka buga da guduma, suka sake. Tafin hannun Auta ya saluɓe. Babu.

Kurma ya zauna a ƙasa yana haki.

"Saura hanya ɗaya. A tokare sifanar da ƙarfen mota, a murza makulli, sitata mai tayar da inji ta fizge ta. Ƙarfinta ya fi namu." Ya nuna batirin da ke baya da haɓa. "Amma da wancan za a yi. In ta ci, ta ci. In ba ta ci ba, ba na jin zai ƙara hura ko kumfa ɗaya."

Yaya ta sauko. Ta dubi robobin, ta dubi titin da babu kowa, ta dubi ƙanenta.

"Auta, kai ka san mota. Me za a yi?"

Bai taɓa jin tambayar da ta yi masa nauyi haka ba. In an bar batirin, kifin za su yi numfashi zuwa wani lokaci, su kuma su zauna su zuba wa hanya ido ko Allah zai jefo motar da ba kaya. In an cire, aƙalla an yi wani abu. Zama da jira kuwa shi ne abin da Auta bai taɓa iyawa ba tun yana yaro.

"A cire," ya ce.

Ba ta yi gardama ba. Da hannunta ta kwance wayoyin.

Suka ɗora batirin, Kurma ya tokare sifanar, ya ja da baya ya ɗaga hannu. Auta ya yi bisimilla ya murza. Sitata ta yi gurnani, sifanar ta bugi ƙarfe da ƙarfi har motar ta girgiza. Kurma ya leƙa.

"Sake!"

Ya sake. Gurnanin ya fito a gajiye.

"Sake!"

Ƙas. Ƙas. Ƙas. Daga nan ko wannan babu.

Suka mayar da batirin kan famfon duk da haka. Ya ɗan yi rawa a jikin ƙarfen ya yi shiru.

Yaya ta ɗauko kwanon da suka zo da shi na ɗiban kifi, ta hau bodi. Ta kamfato ruwa daga roba, ta ɗaga sama, ta zubo shi a hankali don ya sha iska. Ta sake. Auta ya ɗauki gwangwanin Kurma ya kama wata robar. Kurma ya yanke wata tsohuwar jarka ya hau shi ma, ya shimfiɗa musu tabarmarsa a kan ƙarfen bodi don inuwa. Hannu uku ne, robobin sun fi su yawa. Duk wadda suka bari suka koma wata, kafin su dawo kifin sun taso saman ruwa, bakunansu a buɗe suna tsotsar iska, cunkus kamar ana raba musu wani abu.

"Ku yi haƙuri," Yaya ke ce musu ƙasa-ƙasa. "Ku yi haƙuri, an kusa."

Ba a kusa komai ba. Ruwan ya yi ɗumi a hannu. Kifi na farko ya juya farin tumbinsa sama, Auta ya tsame shi da sauri ya jefar ta bayan mota don kada ta gani. Na biyu ma haka. Daga baya ya daina, don babu inda zai ɓoye su. Kafaɗarsa ta mutu, yana ɗagawa yana zubawa, yana jin Yaya a bayansa tana yin haka, ba ta tsaya ko goge gumi ba. Ya yi ta neman abin da zai ce mata. Duk maganar da ta zo bakinsa sai ya ji ta yi ƙanƙanta.

Da rana ta karkata, saman kowace roba ya yi fari fat. Yaya ta ajiye kwanon. Ta zauna a bakin bodi, hannayenta sun yi yaushi saboda ruwa, ta daɗe tana kallonsu.

"Baba, kana da bokiti?"

Sai da Auta ya maimaita masa. Ya kawo wani na fenti, suka ɗauraye da ruwan robar. Yaya ta dinga ture matattun da bayan hannu tana lalubo masu motsi a ƙasa, ɗaya-ɗaya, roba bayan roba. Da ta gama, ko gindin bokitin ba su rufe ba.

"Zan kai ki garin gaba ki samu mota," in ji Kurma. "In dawo da mai walda da injinsa in ya yarda. Kai kuma ka tsare mini rumfa."

"Yaya," in ji Auta.

Tana gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Yaya, ni..."

"Ka zubar da na robobin nesa da rumfar bawan Allah, kada su yi masa wari." Ta ɗaga bokitin ta gwada nauyinsa. "Ka ci wani abu tun safe?"

Ya girgiza kai. Ta ciro burodin da ke jakarta ta ajiye masa a kan bonet.

Kurma ya tura babur ɗin bakin titi, sai ya dubi hannayensa, baƙin mai har gwiwar hannu, ga ƙarnin kifi a kai. Ya dubi fararen kayan Yaya da za ta zauna a bayansa. Ya leƙa rumfa, ya duba kan jarka, bai samu abin da yake nema ba.

"Kai, yaro! Sauran sabulun nan fa?"

Auta ya sa hannu a aljihu ya fito da guntun, da ramin da fambel ya ci a tsakiyarsa. Ya tsiyaya wa dattijon ruwa har ya gama wankewa.

Babur ɗin ya tashi a bugu na uku. Yaya ta hau, ta rungume bokitin a cinya, hannu ɗaya a ciki tana motsa ruwan. Auta ya tsaya a tsakiyar titi yana jiran ta waiwayo. Kanta na sunkuye a kan bokitin har suka sha kwana.